Amsawar Dutse

Na ji abin da ake faɗa muku, ku jikokina, ko da yake ba a faɗarsa a gabana. An ce hoto ne ya tafi da hankalin kakanku. An ce ɗana Salisu ya rataya rana biyu cikin na'urar nasara, ni kuma da na fi kowa tsanani a gidan na zauna ina kallo ban hana ba. Rana biyun gaskiya ce. Ba hanawa kaɗai na ƙi yi ba, ni ce ma na ce a kunna ta biyun. Sauran maganar ku natsu ku ji yadda ta kasance. Ban yi lakwal ba, wato karatun boko, amma idona bai taɓa barci a kan gidana ba, kuma abin da na gani shi zan sa a rubuta muku.

Gidanmu na ainihi ba ku san shi ba. Yana wani ɗan ƙauye ne a bakin fadama, kusa da Tama. Can anka kawo ni daga Allakaye ina doguwar yarinya marar magana, kuma tun daga ranar Malam, kakanku, bai taɓa kama sunana ba. Ƴar Allakaye yake ce mini, ko yana fushi ko yana raha. Yamma da gidan fadama ce da lambunan albasa. Gabas da shi kuwa dutse ne, ja, tsaye kamar bango, ya fi kowane icce tsawo. A tsakar gida akwai gawo, da ruhewar laka da muke zuba hatsi, da ɗakina da ƙofarsa ke duban gabas. Malam yana da dakali a bakin zaure, nan yake zama in ya taso daga lambu, ya ba dutse baya, ya fuskanci ɗakuna.

Mahaifin Malam da furfura a kansa ya musulunta. Kafin nan shi ke yanka wa dutsen jan bunsuru duk shekara kafin shuka. Ya bar yankan, ya kama salla har ya bar duniya, amma akwai wata magana da bai bari ba, ta kuma zauna a bakin kowa a gidan. In la'asar ta yi sanyi sai ya ce dutse ya amsa. Wai rana ba ta tafiya sai ta yi wa dutsen sallama, shi kuma ya amsa mata. Mu mata ba mu ɗauke ta komai ba face lokaci. Dutse ya amsa, ke nan a zuba hatsi a turmi, a kora awaki, a ɗora ruwan tuwo. Na yi rayuwata duka ina faɗar maganar, ban taɓa tambayar kaina da me yake amsawa ba. Mai daka ba ta ɗaga kai.

Shekarar da anka karya darajar kuɗin sefa, damina ta zo da ƙarfin da tsofaffi sunka ce ba su taɓa gani ba. Wata rana da hantsi ƙorama ta bar hanyarta ta biyo ta ƙauyen. Mun tsere gindin dutse da yara da awaki, muna tsaye muna kallon ruhewa tana narkewa kamar sukari a ruwan shayi. Ba a yi asarar rai ba. Da ruwa ya janye, ko ƙasar da gidan ke bisa babu, sai rairayi da kututturen gawo a kwance. Ɗana Salisu ya zo da mota ya kwashe mu zuwa Keita, inda yake aikin zane a biro, wato ofishin wani furoje na masu gina madatsan ruwa. Gidan siminti ne mai rufin kwano, tsaf, ba abin da ya rasa sai inuwa.

Tun kafin ruwan, Malam ya fara mantuwa, ya nemi carbinsa yana wuyansa, ya maimaita salla. A Keita abin ya buɗe. Da safe lafiya lau, ya san ni, ya san ɗansa, har ya yi faɗa a kan gishiri. Da la'asar ta yi sai ya sa takalmi ya ɗauki sanda.

"Ƴar Allakaye, naɗe tabarmi mu tahi gida, rana ta yi sanyi."

"Malam, ai nan na gida."

"Nan gidan mutane na. Mun gode musu, amma baƙunta ta isa haka."

In na tare ƙofa ya zauna yana huci. In na juya baya, ko don in zuba ruwa a tukunya, sai in waiwayo in ga tabarma ba kowa. Yakan nufi kudu, ya hau tudun nan mai baƙaƙen duwatsu inda ba ruwa ba inuwa. Sau da yawa ina cim masa tun bai yi nisa ba. Wata rana ban cim masa ba. Kwana ya yi a waje, wasu Buzaye makiyaya sunka tsinto shi sunka azo shi bisa raƙumi, leɓɓansa sun tsage, takalmi ɗaya babu. Mun kai shi asibitin mishan. Wata ma'aikaciya a can, Kirista, ɗiyar wasu mutanen ƙauyenmu, ta wanke masa ƙafa da hannunta, sannan ta ja ni gefe ta ce wannan ciwo ba shi da allura ba shi da ƙwaya, tsaro kaɗai ne maganinsa.

Sai ɗiyata ta fari ta zo daga Madawa. Kun san ba na faɗar sunanta, ku kuna ce mata Gwaggo Babba. Mace ce mai tsoron Allah, tana son ubanta, kada wanda ya ce muku ba haka ba. Ta dubi ƙafafunsa ta yi kuka, ta share ido, ta ce:

"Inna, a sa mishi igiya ga ƙafa da la'asar. Ba mugunta ba ta, tsaro na."

"Ubanki za ki ɗaure awa jaki?"

"To, a bari sai angulaye sun nuna muna inda shike?"

Na yi mata tsawa, amma na san ba ƙarya ta faɗa ba. Ƙafafuna sun gaji, idona ya gaji. Munka rabu a kan cewa in ya sake ɓacewa, igiya. Wannan shi ne abin da ke gabana a shekarar, ku riƙe shi: ko in ga mutumin da ya ciyar da gida da albasar hannunsa ɗaure a turke, ko in ji an tsinto gawarsa bisa tudu.

Salisu ne ya zo da magana ta uku. Yaro ne mai sanyin murya, in zai faɗi abu sai ya sosa kunne.

"Inna, in gina mishi gidan mana?"

"Da wace ƙasa? Ruwa ya tahi da ita."

"Cikin odinatar."

Ya ce aikinsa ke nan, ya gina madatsa cikin wannan na'ura, wadda ku kuke ce wa kwamfuta, a gan ta kamar a taɓa, tun ba a aza dutse ko ɗaya ba. Ya roƙi babbansu, an yarje masa ya yi amfani da ita lokacin hutun rana da ranar Asabar. Ban yarda da abin da ban gani ba, don haka na yafa mayafi na bi shi. Ɗaki ne mai sanyi, na'urar na bisa tebur an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ya yaye, ya kunna. Cikin gilashin sai ga wasu fararen zare a duhu, sun haɗu sun yi siffar ɗakuna, da ruhewa, da zaure. Ya motsa wani ɗan abu a ƙarƙashin tafinsa, sai gidan duka ya juya a hankali, na gan shi ta baya, na gan shi daga bisa kamar yadda shirwa ke ganinsa. Kaina ya yi jiri na riƙe tebur.

"Wanga ai gidan gizo-gizo na."

"Ƙashi na, Inna, ban sa mishi nama ba tukuna. Kuma nan ciki duhu na, sai na rataya rana."

"Kai ka rataya rana? Astagfirullah. Iya bakinka, ɗan nan."

Ya yi dariya ya nuna mini ranar tasa. Wani ɗan ɗigo ne da yake ja, ya kai shi bisa, ya sauko da shi, ya ƙara masa ƙarfi, ya sauya masa launi. In ya gama sai ya umarci na'urar, ita kuma ta fara fitar da hoton daga sama, layi bayan layi, kamar masaƙi marar gaggawa. Takan kai daga hantsi har azahar. In gurup, injin ba da wuta, ya tsaya a tsakiya, aiki ya mutu, a koma farko. Na zauna ina kallon gidana yana saukowa daga sama: rufin ɗaki, bango, bakin ƙofa. Na ji ƙanshin hayaƙin kara a hancina alhali ba abin da ke ɗakin sai sanyi.

Hoton farko da ya fitar a takarda komai na wurinsa, amma ƙasa kore ce shar, gawo tsirara ba ganye, rana tsaka, inuwa baƙa ƙirin kamar an zuba tawada, bakinta kamar an yanka da wuƙa. Ban ga laifin yaron ba. Tun yana ƙarami lakwal ta ɗauke shi zuwa Tawa, daga nan Yamai, hutun damina kaɗai yake zuwa gida. Gidan damina ya sani, lokacin da gawo ke zubar da ganye. Malam ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo ta da ladabi.

"Allah shi jiƙan mai shi. Yaushe anka yi rasuwar?"

Gidan makoki Malam ya gani, ba nasa ba. Salisu ya koma biro. Ya busar da ƙasar, ya tufatar da gawo, ya jingina dammunan hatsi jikin ruhewa kamar lokacin kaka. Ya sauko da ranarsa yamma, ya ba ta launin zuma, ya tausasa bakin inuwa. Ya tsayar da idon na'urar daidai inda dakalin Malam yake. Wannan karon Malam ya daɗe yana dubawa. Na ga numfashinsa ya sauya. Ya aza yatsa a ƙofar ɗakina, wadda ke cikin inuwa, baƙa wuluk kamar bakin rijiya.

"Ya yi kama da shi," in ji shi. "Amma dutse bai amsa ba."

Ya aje takardar ya laluɓi takalminsa.

Salisu ya ɗauka dutsen ake nema, tun da ba ya cikin hoton. Ya gina shi, ja, dogo, ya juya gidan yadda za a gan shi sosai. Malam ko duban kirki bai yi masa ba, ya ture.

"Mi za ni yi da kallon dutse? Ni baya nika ba shi."

Sai yaron ya ce watakila duhun inuwar ne ke damunsa. Akwai wani haske a na'urar wanda ba ya zuwa daga ko'ina, yana shiga ko'ina daidai wa daida. Ya ƙara shi. Duhun ya tafi, amma gidan ya koɗe, ya yi fari fat kamar an wanke shi da toka, ba zurfi, ba gaba ba baya. Malam ya naɗe wannan takardar ya yi fifita da ita. Kwanaki kaɗan bayan haka ya kuɓuce mini, sai da almuru wani mai amalanke ya dawo da shi. Gwaggonku ta zo. Ta rataya sabuwar igiyar kaba a ƙusa bayan ƙofa, ta zauna tana jan carbi.

Na ce mata ta tsare ubanta yini biyu. Na shiga motar ƴan kasuwa zuwa Tama, daga can na taka da ƙafa. Ban san abin da na je nema ba. Na dai ga cewa maganar da ke bakina shekara da shekaru ban san cikinta ba, kuma ba wanda zan tambaya sai dutsen.

Na isa da la'asar. Ba kowa a wurin, mutanen ƙauyen sun koma bisa tudu. Rairayi ne fari shimfiɗe, da kututturen gawo, da wani guntun bango na gidan maƙwabta da ruwa ya manta. Na auna da ido inda dakali yake, na zauna a ƙasa, na ba dutse baya kamar yadda Malam ke yi. Tun da anka kawo ni garin ban taɓa zama a wannan lokaci hannuna ba komai ba. Rana na gabana tana sauka kan fadama. Fuskar guntun bangon da ke dubana tana cikin inuwa, toka-toka, ba rai. Iska ta kwanta. Wata kurciya ta yi kuka ta bari. Ina zaune har na fara jin kunyar kaina, tsohuwa ta baro mara lafiya ta zo kallon rairayi.

Sai bangon ya fara ja.

Ba rana ce ta taɓa shi ba, rana na bayansa. Daga cikin inuwar jan ya taso, a hankali, kamar yadda jini ke dawowa fuskar wanda ya suma. Na dubi hannuna, gefen da ba ya ganin rana ya yi launin sabuwar tukunya da anka fitar daga wuta. Rairayin ya ɗauka, kututturen ya ɗauka. Na ji ɗumi a ƙeyata kamar wani ya tsaya bayana yana numfashi. A cikin wannan hasken, wallahi, na ga gidan ya tashi tsaye: ruhewa da cikinta ƙato, igiyar shanya, kaji na shiga akurki, da wata doguwar yarinya a bakin ƙofar ɗaki ta sunkuya tana zuba hatsi a turmi, ba ta ɗaga kai ba. Na so in ce mata ɗago ki gani, ke da anka yi wa wannan ado duk yamma ba ki sani ba. Ashe abin da mutumin nan ke zaune yana kallo ke nan. Na waiwaya. Dutsen ya kama kamar garwashi tun daga ƙasa har bisa, yana maido wa ƙauyen abin da rana ta ba shi. Bai daɗe ba. Kafin in gama salati ya mutu, komai ya koma toka.

Da na dawo Keita ko ruwa ban sha ba na ce wa Salisu:

"Daga baya hasken shika zuwa. Rana ta bugi dutse, dutse ya maido ma gida. Amsawar ke nan."

Ya sosa kunne. Ya ce ya sani haske na dawowa, an koya musu. Amma na'urarsa ba ta san haka ba. A wurinta, haske in ya faɗi bisa abu, nan yake mutuwa, ko da dutsen ya kai sama ja. Hanya ɗaya ce: ya rataya wata rana ta biyu a gabas, daidai inda dutsen yake, ƙarama, ja, marar ƙarfi, ya ɓoye ta bayan mai kallo, ya kuma hana ta yin inuwa don kada a gane tana nan.

Gwaggonku ta aje carbi.

"Rana daga gabas da la'asar? Rana biyu, Inna? Abin da kakanmu ya tuba ya bari, shi za ku maido ta bayan gida? Jiya bunsuru, yau na'ura."

"Yaya, fitila ta kawai," in ji Salisu. "Suna na anka ba ta."

"Kai rufe mini baki, mai rataya rana. Da Inna nika magana."

Dukansu sunka dube ni. Ku sani ni ban taɓa yi wa Malam ƙarya ba, ko ta kuɗin cefane, kuma na doki ɗiyana a kan ƙarya fiye da a kan komai. Yanzu ga shi ana tambayata in yarda a shirya wa mutum marar lafiya gidan da babu, da hasken da babu, daga ranar da Allah bai halitta ba. Na kwana ina juya abin. Na dubi igiyar da ke ƙusa, na dubi Malam yana gyangyaɗi, ƙafar nan da ta tsage tana bisa tabarma. Da azahar na kira Salisu.

"Kunna ta. Allah Ya san guda Ya yi, kuma Shi Ya ba dutse izinin amsawa, ba kakanku ba. In da alhaki, bisa kaina."

Asabar ɗin nan da wadda ta biyo ta a biro na yi su. Ya riƙa fitar da ƙananan hotuna kamar tafin hannu don na'urar ta yi sauri. Na farko na ce wannan gobara ce, rage. Na biyu na ce wannan ruwan goro ne da anka tofar, ƙara wa ranar rawaya kaɗan. Ya sauko da ita ƙasa, ya ja ta baya, ya buɗe ta don ta bazu. Shi ma ya ga abin da ni ban gani ba: ya ce sama tana zubo nata haske, ya sa wani shuɗi siriri bisa rufin ɗakuna da kan ruhewa, sai jan ya zauna daram kamar an ba shi mazauni. Wuta ta ɗauke mana ana tsakiyar babban hoton, ya yi wata ashar da faransanci, na ce ban ji ba amma kada ya sake. Da ya fito a ƙarshe, layi bayan layi, ya sauko har bakin ƙofar ɗakina, na ga ƙofar ba rijiya ba ce kuma. Ana ganin gefen tabarmar da ke rataye, da turmi a jingine, duka cikin wannan ja mai ɗumi. Na ja mayafi na rufe fuskata. Salisu ya yi kamar yana gyara waya a ƙarƙashin tebur.

Da la'asar munka manna shi a bango, daidai idon mai zaune. Malam ya riga ya sa takalmi, sanda na hannunsa. Ya tsaya. Ya matsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jingine sandar a bango, ya tuɓe takalman ya jera su, ya zauna bisa tabarma ya miƙe ƙafa, ya saki wani dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi. Mun iso."

Gwaggonku ta fita waje da sauri. Salisu ya dube ni yana murmushi. Ni ma na ɗauka an gama.

Can sai Malam ya juyo ya gan ni zaune a gefensa. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa manya.

"Sannu, Inna. Ko kin ga Ƴar Allakaye? Dutse ya amsa, ban ji daka ba."

"Ga ni, Malam."

Ya yi ɗan murmushin da ake yi wa tsohuwa mai ban dariya.

"A'a, Inna. Yarinya ta, doguwa, ba ta da yawan magana."

Ya koma ga hoton yana leƙen ƙofar ɗakin. Ya kira, shiru. Ya sake kira da ƙarfi. Na ga hannunsa ya fara laluben takalmi, zai tashi nemanta. Salisu ya raɗa mini cewa zai iya sa mace a bakin ƙofar, a ba shi mako guda. Na taɓa ganin mutanen da na'urarsa ke yi, kamar an sassaƙa su da icce. Na ce a'a. Na tashi a hankali na zagaya bayan Malam, inda ba ya ganina. Turmin matar Salisu na nan gindin bango. Na jawo shi, na zuba hatsi, na ɗaga taɓarya na saki.

Hannunsa ya tsaya bisa takalmin.

"Ƴar Allakaye?"

"Na'am."

"Yawwa. Na ɗauka kin tahi rijiya."

Ya janye hannun, ya jingina, ya ci gaba da kallon gidansa.

Daga ranar bai sake nufar ƙofa ba. Daga ranar kuma bai sake sanin fuskata ba, ko da safe. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma shi ne Gwaggonku ke nufi in ta ce hoton ya tafi da shi. Ni abin da na gani daban ne. Mutumin tafiya yake yi tun kafin hoton, ba mai tsayar da shi. Abin da ya rage a hannuna shi ne in zaɓa masa inda za ya sauka, bisa tudu ko a turke ko a dakalinsa. Da rana ni ce Inna, wata tsohuwa mai kirki da ke ba shi fura, yana gode mini, har yakan ba ni labarin matarsa. Na ji abubuwa a kaina da bai taɓa faɗa mini ba lokacin da ya san ni. Ba zan sa a rubuta su ba, nawa ne. Da la'asar kuwa in zagaya baya in yi daka, ko da akwai gari a gidan, ya kira in amsa. Ya ga damina biyu a haka. Bai taɓa waiwayowa ba, kamar yadda bai taɓa waiwayen dutse ba, ni kuma ban taɓa zagayowa gabansa a wannan lokacin ba. Igiyar kuwa Gwaggonku da kanta ta sauke ta daga ƙusa, ta ɗaure tunkiyar layya da ita.

Hoton na nan cikin akwatina. Jan ya koɗe tuntuni, ya koma gidan makoki kamar na farko, don haka kada ku ɗauko shi ku yanke mana hukunci da abin da kuka gani. Ba ku gan shi lokacin da yake amsawa ba.

Yanzu ni ce ke zama bisa tabarma da la'asar, hannuna ba komai. Wani lokaci in rana ta yi sanyi nakan ji ɗumi a ƙeyata, in ji an kira ni da sunan da ba wanda ya rage a duniya yana kirana da shi. In kunka ji na ce na'am alhali ba ku ga kowa ba, ku ci gaba da aikinku. Kada wanda ya nemo igiya.